Matan gidan yarin Suleja da tsangwamar da ke jiransu a Zuba

Matan da kotunan Abuja suka ba da umarnin a tsare, galibi gidan gyaran hali na Suleja ake kai su, tafiyar 'yan mintuna daga Zuba. Tun da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar 2019 da ta mai da hukumar gidajen yari ta gyaran hali, tarukan wayar da kai a kan matan sun yawaita, ƙungiyoyi irin su PRAWA kuma sun daɗe suna ƙoƙari. Sai dai suna ya sauya a takarda, a unguwa har gobe "'yar fursuna" ake cewa.

Mata kusan 2 ne cikin 100 na tsararru a Nijeriya, don haka duk wadda ta shiga, ido na kanta. Namiji in ya fito a ce ƙaddara ce ta faɗa masa, mace kuwa a ce ta zubar da mutuncin gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kusan kashi biyu cikin uku na tsararrun ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Wata matar, rigimar bashi ce ta kai ta, ta rasa mai tsaya mata beli.

A kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba, da amana ake ciniki. Dillali kan sauke wa mace buhun lemo da asuba, ta biya da yamma. Da zarar labarin tsarewarta ya zaga, ya daina ba ta kaya, uwar adashi ta soke sunanta, wani lokacin takardar saki na jiranta, 'ya'yanta na shan gori a makaranta. Ba jari, sai ta koma cin bashin da ya kai ta ciki tun farko.

Taron otal da Turanci ba ya isa kunnen dillalin nan. A ganina limamai da fastoci da shugabannin kasuwa da fadar Agora, sarkin Zuba, ya kamata su ɗauki maganar, da Hausa da Koro da Gbagyi, su nanata cewa tsarewa daban, samun mutum da laifi daban. A tarukan wayar da kai kuma, kada a manna hoton kowace mace a allo, tonon asiri ne. In za a auna nasara kuwa, a ƙirga matan da aka mayar wa da rumfunansu da gurbinsu a adashi.