Etran de L'Aïr: kiɗan bikin Agadas da ya kai Turai da Amurka

Masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka sukan kwatanta ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas da salon da ake kira garage rock. Salon ya samo asali ne a Amurka cikin shekarun 1960, lokacin da samari ke haɗuwa a garejin motar gidansu da jita mai araha da ganguna, su yi ta kaɗawa ba tare da an gyara sautin ba. A Agadas, filin biki ne ya tsaya a matsayin garejin.

Ƴan uwa ne na jini suka kafa ƙungiyar a 1995, sunanta kuma na nufin taurarin Ayar. Jagoransu Moussa Ibra, wanda aka fi sani da Abindi, yana yaro ƙarami a lokacin. Jita ɗaya suka fara da ita, marar lantarki, ganga kuwa ƙwarya ce kife a cikin ruwa ana dukanta da takalmi. Sun daɗe suna zagaya bukukuwan aure da na suna a unguwannin talakawa kafin su mallaki kayan kiɗa na kansu.

Wannan tarihin ne ke fita a sautinsu. Makaɗin biki ba ya da damar yin waƙa mai sanyi, domin in ƴan rawa suka zauna, gobe wani za a kira. Shi ya sa gangunansu ke gudu babu hutu, jitoci biyu ko uku na bin juna a kan gajeren kiɗa guda, ana maimaita shi har ya shiga jiki. Galibi da Tamashek suke waƙa, amma kunnen Bahaushe zai tsinci nasa a ciki, haka ma na Zabarma, har da ɗanɗanon sukus na Kongo. Ya bambanta da kiɗan Tinariwen na Mali, mai nauyi da kewar gida. Nasu na murna ne, kuma ba su ɓoye hakan ba.

Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, shi ya fitar da kundinsu na farko, No. 1, a 2018. Kamfanin ne dai ya tattara waƙoƙin da ke yawo a katin sallula ya buga su a 2011, inda duniya ta fara jin Mdou Moctar. Kundin Agadez ya biyo baya a 2022, sai 100% Sahara Guitar a 2024.

Ga samarin da ke koyon jita a Gidigir, Gure ko Damagaram, abin dubawa shi ne ƙungiyar ta shafe shekara 23 kafin kundinta na farko, kuma bukukuwan gari ne suka riƙe ta duk tsawon lokacin. Haɗarin yanzu yana wani wuri. Sutudiyo na tace sauti, mai sauraro a zauren Turai kuma ba ya tashi ya yi liƙi ko ya nemi a sake waƙar amarya. A kundin 2024 sautin ya fi tsabta nesa ba kusa ba, sai dai gangunan ba su rage gudu ba.