Sukuwar Bredow da Ta Ruɗi Janarorin Jamus

Ranar 16 ga Agusta 1870, a kusa da ƙauyen Vionville, yamma da birnin Metz, igwogin Faransa sun sa sojojin ƙasa na Prusiya a gaba da luguden wuta. Sai aka umarci Janar Adalbert von Bredow, ɗan gidan sarauta mai shekara 56, ya kai musu ɗauki da barade kusan 800. Bai yi garaje ba. Ya bi da su ta wani kwari da ya ɓoye dawakin, hayaƙin albarushi ya ƙara lulluɓe su, sai da suka zo daf da rundunar Faransa ta Canrobert sannan suka saki linzami. Suka tarwatsa 'yan igwa, suka keta sahun masu bindiga, kafin mahayan Faransa su yi musu ca. Kusan rabinsu ba su koma ba, amma farmakin Faransa ya tsaya.

Jarumtakar ba abar musu ba ce. Sai dai a ganina wannan nasara ta cutar da sojan doki fiye da yadda ta amfane shi. Kwana goma kafin nan, a yaƙin Wörth, an karkashe baraden Faransa masu sulke a cikin ƙauyen Morsbronn. Daga baya a Sedan ma haka ta faru da mahayan Faransa na Margueritte. Dalilin a fili yake: bindigogin ɓangarorin biyu ana ɗura su ta baya, harsashin Chassepot ta Faransa ma na cin fiye da kilomita guda, doki kuwa babban abin bara ne. Kwari da hayaƙi ne suka cece Bredow, kuma ba kowane fagen fama ke ba da su ba.

To me ya sa aka riƙe Vionville aka manta da Morsbronn? Rundunonin doki nan ne matattarar 'ya'yan manyan gidaje masu gonaki a Prusiya. Sirdi gadonsu ne, kuma muƙaminsu a fada ya rataya a kansa. Labarin Bredow ya ba su hujjar da suke nema. Maimakon a mayar da mahaya ga leƙen asiri da harbi daga ƙasa, wajen 1890 aka raba wa dukkan sojan dokin Jamus mashi.

Sakamakon haka ya fito fili ranar 12 ga Agusta 1914, a Halen ta Beljiyam, inda Janar Georg von der Marwitz na Jamus ya yi ta tura mahayansa da mashi da takobi kan 'yan Beljiyam da suka sauka daga dawakinsu suka laɓe da bindigogi masu sarrafa kansu. Sahu bayan sahu aka zubar da su, dawaki ɗaruruwa suka mutu a kan hanya da cikin gonaki.