Ƙungiyoyin zumunci da hidimar jama'a: darasi daga Fagge da Sabon Gari

A ziyarar da muke kai wa ikkilisiyoyin ƙauye akwai tambayar da iyaye suka sha yi mana. Yaro ya tafi Kano karatu ko neman abinci, sai ya aiko cewa ya shiga wata ƙungiya, suna taro kowane wata, suna biyan kuɗi, suna kiran juna 'yan'uwa. Nan take hankalin iyaye ya tashi, gama sun ji labarin ƙungiyoyin asiri da ke hallaka 'ya'yan mutane a makarantu. Tsoron nan yana da dalili. Amma ba kowace ƙungiyar zumunci ce ta asiri ba. Akwai waɗanda suka gina makarantu, suka koya wa manya karatu, suka kai magani inda babu asibiti. Za mu bayyana yadda irin waɗannan ƙungiyoyi suke aiki, da yadda za a rarrabe mai kyau da mugu, da abin da zumuntocinmu na ƙauye za su koya daga gare su.

Yadda abin yake a Amurka

A jami'o'in Amurka ɗalibai sun daɗe suna kafa ƙungiyoyin 'yan'uwantaka. Da Turanci ana ce wa ta maza fraternity, ta mata kuma sorority. Kowace tana da rassa a makarantu da garuruwa, wanda ya shiga kuma yakan zauna a ciki har tsufansa. A farkon ƙarni na 20 ƙungiyoyin fararen fata ba sa karɓar baƙaƙe, don haka ɗalibai baƙar fata suka kafa nasu. Samari bakwai suka kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906. 'Yan mata suka kafa Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard da ke Washington a 1908, sai Delta Sigma Theta a 1913 a wannan jami'ar.

Waɗannan ɗalibai sun san su 'yan kaɗan ne da suka sami ilimi a cikin jama'ar da aka hana wa. Saboda haka suka ɗora wa kowane reshe wani aiki na hidima. A shekarun 1920 rassan Alpha Phi Alpha sun riƙa bin makarantu da majami'u suna roƙon iyaye su bar yara su gama sakandare su wuce gaba. A 1937 matan Delta Sigma Theta suka amince da shirin kai littattafai ƙauyukan da ba a yarda baƙar fata ya shiga ɗakin karatu ba.

Aikin da ya fi kama da halinmu shi ne na matan Alpha Kappa Alpha a jihar Mississippi, wanda suka fara a 1935 a ƙarƙashin wata likita mai suna Dorothy Ferebee. Sun je ne domin su yi wa 'ya'yan masu aikin gonar auduga allurar rigakafin agana da mashaƙo. Masu gonakin suka hana ma'aikatansu barin aiki su zo wurin allura. Matan ba su koma gida ba. Suka loda magunguna cikin motocinsu, suka riƙa bin gona gona, suna kafa tebur a gindin itace da bakin majami'a, shekara bayan shekara, har suka yi wa dubban yara. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya kashe yara a Kano a 2023 zai gane girman wannan aiki.

Abin bai yi nisa da mu ba kamar yadda za a zata. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904, ɗan ƙungiyar Phi Beta Sigma ne tun zamansa na karatu a Amurka. Haka ma Kwame Nkrumah na Gana.

Baƙin Sabon Gari

A Kano ba a jami'a abin ya soma ba, a unguwar baƙi ya soma. Fagge tun da can zango ne na fatake a bayan ganuwa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa suka riƙa zuwa daga kudu, wasu ma daga Saliyo da Gana. A 1913 Turawa suka keɓe musu wuri kusa da Fagge, aka kira shi Sabon Gari. Har yau sunayen tituna irin su Aba, Warri, Abeokuta, Enugu da Gold Coast suna tuna mana inda mutanen suka fito. Yanzu unguwar tana cikin ƙaramar hukumar Fagge.

Baƙon da ya sauka daga jirgi ba shi da gona, ba shi da dangi, ba shi da wanda zai ɗauke shi in ya kwanta ciwo. Sai mutanen gari ɗaya suka riƙa haɗuwa, yawanci ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada. Suka zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, suka yanka kuɗin da kowa zai biya a wata. Da kuɗin nan ake sama wa sabon zuwa masauki da aiki, a yi jinyar marar lafiya, a binne mamaci. Da asusu ya yi ƙarfi sai suka juya ga ilimi. Ƙungiyar Ibo ta Kano ta gina makarantar firamare, daga baya ta buɗe ta sakandare, gama makarantun mishan na unguwar ba su ishi yaran da ke neman karatu ba. Musulmi Yarabawa su ma sun kawo reshen Ansar-Ud-Deen, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1923 domin 'ya'yansu su sami boko ba tare da barin addininsu ba. Ƙananan 'yan kasuwa da masu ɗan albashi ne suka yi waɗannan ayyuka, da kwabo da sule.

Sai dai akwai rauni a cikin tsarin. Yawancin ƙungiyoyin 'yan garinsu kaɗai suke dubawa, wasu kuma suka shiga siyasar ƙabilanci. A watan Mayu na 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta rushe jam'iyyun siyasa tare da manyan ƙungiyoyin ƙabilu. A wannan shekarar aka yi kashe-kashe a Sabon Gari, dubban mutane suka gudu. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da yawa sun dawo, tarukan gari kuma suka farfaɗo. Abin da muka koya shi ne, zumuncin da ya tsaya a kan 'yan gida kaɗai yana da amfani, amma bai isa ya haɗa unguwa ba.

Reshen da ya buɗe ƙofa ga kowa

Wani irin zumunci ya iso Kano a 1961, lokacin da aka kafa reshen Rotary na farko a duk Nijeriya a wannan birni. An fara Rotary a Chicago a 1905, ƙungiya ce ta masu sana'o'i dabam dabam, ba ta tambayar ƙabila ko addini. A 1985 ta ɗauki alkawarin yaƙi da shan inna a duniya. Wani lauya ɗan reshen Kano, Jonathan Majiyagbe, ya zama shugaban Rotary na duniya daga 2003 zuwa 2004, shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin. A daidai wannan lokaci ne aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano saboda jita-jita, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. An koma rigakafin a Yulin 2004. Daga nan 'yan Rotary da sarakuna da malaman addini da ma'aikatan lafiya suka yi ta aiki tare. A Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano, a ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita. Akwai wani nau'in cutar da bai ƙare ba tukuna, shi ya sa har yanzu ake ɗiga wa yara magani. Shekara 35 ke nan tsakanin alkawari da wannan shaida, a kan aiki guda.

Namu na gida

Mu ma muna da irin waɗannan ƙungiyoyi, ko da ba mu saba duban su ta wannan fuska ba. Zumuntar Mata, wadda ta samo tushe a ƙasar Filato tun shekarun 1930, tana da reshe a kusan kowace ikkilisiyar da ake sujada da Hausa, daga majami'un Sabon Gari har ƙauyukanmu. Mata da yawa a ajin zumunta suka fara haɗa baƙi. A nan ake koyon ɗinki da saƙa da yin sabulu, ana adashi, ana kai wa mai jego da gwauruwa hatsi da itace. Akwai Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, ta iso Nijeriya a 1908, da takwararta ta 'yan mata. Akwai zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS da aka fara a Gindiri a 1957. Maƙwabtanmu Musulmi suna da FOMWAN, wadda mata suka kafa a Minna a 1985, tana gudanar da makarantu da ajujuwan manya. A unguwannin Kano kuma akwai ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu yashe magudanan ruwa kafin damina.

Yadda za a gane ta asiri

A 1952 ɗalibai bakwai a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates domin yaƙi da ƙabilanci da girman kai. Daga shekarun 1970 wasu suka ɓalle suka kafa nasu, a hankali wasu daga cikin sababbin suka koma rantsuwar jini da makamai. A ran 10 ga Yuli 1999 'yan asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Ita Pyrates ta janye daga harabar makarantu tun 1984. Irin waɗannan miyagun ƙungiyoyi ma sukan raba kyauta domin su yi suna, saboda haka rabon shinkafa kaɗai ba shaida ba ce.

In ɗanku ko 'yarku ta ce ta shiga ƙungiya, kada ku fara da faɗa. Ku zauna ku yi tambaya. Ina ake taro, da rana ne ko da dare? Hukumar makaranta ko ikkilisiya ta san da ita? Su wane ne shugabanni, ana iya ganinsu? An sa shi rantsuwar da ba zai iya faɗa muku ba? An doke shi ko an tsaga jikinsa kafin a karɓe shi? In ya so fita, zai fita lafiya? Ƙungiyar kirki tana amsa waɗannan duka a fili. In yaro ya kasa amsawa, ko kuka ga tsoro a fuskarsa, ku nemi fasto ko wani dattijo da ya amince da shi tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da reshen ƙauye zai iya yi

Cikin dukan misalan nan mun ga abubuwa huɗu da ke sa aiki ya ɗore.

Na ɗaya, taro a kan lokaci da kuɗin wata wanda kowa zai iya biya. A ce zumunta tana da mutum 30, kowa yana ba da naira 500 a wata. Naira 15,000 ke nan a wata, 180,000 a shekara. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo mudun hatsi a kaka.

Na biyu, lissafi a rubuce. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taro, kada kuma a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Zumuntoci da yawa sun watse saboda zargin kuɗi, ko da ba wanda ya ci.

Na uku, aiki ɗaya tak, wanda aka zaɓa bayan an tambayi jama'a. Yana iya zama ajin karatun manya sau biyu a mako, ko darasin yamma ga yara masu shirin jarrabawa, ko biya wa marayu biyu kuɗin makaranta har su gama. A jihar Kano akwai hukumar ilimin manya tun 1980, sauran jihohi ma suna da irinta. Ku je ofishin ƙaramar hukuma ku tambayi yadda za a yi wa ajinku rajista.

Na huɗu, a buɗe ƙofa. Mun lura cewa a wurare da yawa kuɗin zumunta yana ƙarewa a kan anko da abincin taro da gudummawar biki. Waɗannan ba laifi ba ne. Amma ku ware wani kashi, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne, domin aikin da zai amfani wanda ba ɗan ƙungiya ba: matar da ba ta zuwa majami'arku, ɗan makiyayin da ke bayan gari, maƙwabci Musulmi. Ku sanar da mai unguwa kafin ku fara. 'Ya'yanku da ke Kano, waɗanda suka shiga ƙungiyar 'yan gari ko zumuntar ɗalibai, ku roƙe su su koyar a ajin in sun zo hutu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ƙungiyoyi ne a ikkilisiyarmu da ƙauyenmu, kuma nawa kowace ta tara bara?
2. A cikin kuɗin nan, nawa ne ya kai ga wanda ba ɗan ƙungiya ba?
3. Manya nawa ne a cikinmu ba su iya karanta takardar asibiti ba? Wa zai iya koya musu?
4. Mun san ƙungiyoyin da 'ya'yanmu na birni suka shiga? Yaushe muka tambaye su?
5. Wane aiki ɗaya za mu ɗauka bana, wa kuma zai ba da rahotonsa bayan wata shida?

Ku tattauna waɗannan a taronku na gaba, ku aiko mana da abin da kuka shirya ta hannun fastonku domin sauran ikkilisiyoyi su ƙaru. Allah ya ba mu ikon yi.