Yadda Masu Zane Ke Tsara Tambaya: Darasi Daga Kabarin Tafawa Ɓalewa

Kafin mai zanen gini ko na kayan aiki ya ja layi ko ɗaya, akwai aikin da ke gabansa, wato ya tantance mece ce ainihin matsalar. Masanin Amurka Donald Schön ya yi bayani a littafinsa na 1983 cewa ƙwararru ba sa tarar da matsala a shirye. Su ne ke zaɓen abin da za su duba, su shata masa iyaka, kuma wannan zaɓi ne ke haifar da amsar.

Kabarin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke birnin Bauchi, wanda Robin Atkinson ya zana aka buɗe a 1979, misali ne a bayyane. Da tambayar ita ce yadda za a yi wa shugaba katafaren gini, da ƙubba da ado sun wadatar. Amma marigayin, wanda aka kashe a Janairun 1966, Musulmi ne da aka sani da sauƙin kai, kuma malamai da dama ba su yarda da ƙawata kabari ba.

Ginin ya amsa wata tambaya dabam: me mai ziyara zai ji kafin ya iso? Sai ya bi ta wani dogon lungu mai duhu, wanda ake fassarawa da zamanin mulkin mallaka, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ya fito fili marar rufi inda kabarin yake, ba wani ƙyale-ƙyale a kansa.

Haka abin yake a ƙananan kayan amfani. A Jigawa, malamin makaranta Mohammed Bah Abba ya bar batun kai wutar lantarki ƙauye, ya tambayi yadda kayan lambu za su daɗe ba tare da firji ba. Ya sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwan na bushewa yana janye zafi. Aikin ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Darasin ya shafi kuɗin jama'a. Idan hukuma ta ce matsalar kasuwa ƙarancin shaguna ce, alhali abin da ke damun 'yan kasuwa shi ne nisa da masu saye, za a kashe kuɗi a gina shaguna, su zauna a kulle. Shi ya sa mai zane nagari ke fara sauraron masu amfani da wuri, ya sake tsara tambayar, sannan ya ɗauki alƙalami.