Girka direban katin sadarwa a kwamfuta

Direban katin sadarwa ƙaramar manhaja ce da ke haɗa babbar manhajar kwamfuta, kamar Windows ko Linux, da sashen da ke kai kwamfutar ga intanet, ta kebul ɗin Ethernet ko ta Wi-Fi. Idan babu shi, katin yana nan lafiya ƙalau a cikin kwamfutar, amma babbar manhajar ba ta san yadda za ta ba shi umarni ba. Kalmar direba aro ce daga Turanci, ita ce dai wadda ake kiran matuƙin mota da ita, kuma jam'inta ɗaya ne, wato direbobi.

Asali

An ƙirƙiro Ethernet a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka a shekarar 1973, a ƙarƙashin jagorancin Robert Metcalfe. Ƙa'idar farko ta Wi-Fi, wato IEEE 802.11, ta fito a 1997. A Windows, direbobin sadarwa suna bin tsarin NDIS, wanda kamfanonin Microsoft da 3Com suka tsara tare. Mafi yawan katunan da ke cikin kwamfutoci suna ɗauke da cif na kamfanoni kaɗan ne: Intel, Realtek, Broadcom, Qualcomm Atheros da MediaTek. Shi ya sa kwamfutoci biyu na HP masu suna iri ɗaya za su iya buƙatar direbobi daban, domin abin dubawa shi ne cif ɗin da ke ciki.

Yadda matsalar ke tasowa

Galibi ana cin karo da ita ne bayan an goge kwamfuta an sake ɗora mata Windows, abin da aka saba yi wa kwamfutar da aka saya ta hannu. Sai alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya. Windows kan sauko da direbobi da kanta ta intanet, to amma a nan direban da ya ɓata shi ne ƙofar shiga intanet ɗin. Dole a nemo shi ta wata hanya.

Gano katin

A Windows ana buɗe Device Manager, ko ta danna maɓallin Windows tare da X, ko ta rubuta devmgmt.msc a akwatin Run. Na'urar da ba ta da direba takan fito da alamar motsin rai a cikin rawayar alwatika, a ƙarƙashin Other devices, da suna irin Network Controller ko Ethernet Controller. Lambar kuskure 28 tana nufin ba a girka direba ba.

Sunan nan bai isa ba, domin bai faɗi wanda ya ƙera katin ba. Sai a shiga Properties, a buɗe Details, a zaɓi Hardware Ids. Za a ga rubutu mai ɗauke da VEN da DEV, kowanne da haruffa ko lambobi huɗu a bayansa. VEN na nuna kamfani, DEV na nuna samfurin katin. Misali, 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 na Broadcom, 168C kuma na Atheros. Masu koyo da yawa suna tsallake wannan mataki, su yi ta gwada direbobi barkatai, alhali kwafe lambar a takarda ba ya cin minti biyu.

Samo direba ba tare da intanet ba

Hanya mafi sauƙi ita ce a jona wayar Android da kebul na USB, a kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Windows 10 da 11 sukan gane wayar a matsayin katin sadarwa nan take, daga nan sai Windows Update ta nemo abin da ya rage. Idan Wi-Fi ne kaɗai ya ƙi, kebul ɗin Ethernet ma yana biyan buƙata. In duk ba su samu ba, sai a sauke direban a wata kwamfutar, a ɗauko shi a filashi.

Shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar shi ne wurin da ya fi dacewa a fara dubawa, sannan na kamfanin cif. A tabbatar direban ya dace da nau'in Windows ɗin, da kuma ko mai bit 32 ce ko 64. Tun daga Windows Vista, nau'in 64 ba ya loda direban da ba shi da sa hannun dijital. Shafukan da ke alƙawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya abin gudu ne, domin direba yana aiki da cikakken iko a kan kwamfuta, gurɓatacce kuwa zai iya buɗe ƙofa ga satar bayanai.

Girkawa

Idan fayil ɗin ya ƙare da .exe, buɗe shi ake yi a bi umarninsa. Idan kuma a dunƙule ya zo a zip, sai a warware shi tukuna, a koma Device Manager, a zaɓi Update driver, a nuna wa Windows jakar da fayil mai ƙarshen .inf yake. Bayan haka a sake kunna kwamfutar. Idan sabon direba ya zo da matsala, maɓallin Roll Back Driver yana mayar da na baya, muddin akwai shi. Wani lokaci ma laifin ba na direba ba ne: an kashe Wi-Fi ne da maɓallin Fn, ko an bar yanayin jirgin sama a kunne.

A Linux

Yawancin direbobi suna zuwa ne a cikin zuciyar manhajar, wadda ake kira kanel. Umarnin lspci -nn yana nuna katin ciki da lambobinsa, lsusb kuma na wanda aka jona ta USB. Abin da ya fi kawo cikas shi ne ƙaramar manhajar da ake loda wa katin kansa, wadda wasu kamfanoni ba su buɗe lambobinta ba. Shekaru da dama Debian ba ta sa irin wannan a faifan girkawarta na hukuma, sai bayan ƙuri'ar da masu haɓaka ta suka kaɗa a 2022. Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, ita ce ta fara zuwa da ita.