Babi na Uku: Samfurin Gwaji Mai Amsawa da Matsalar Tura Kuɗi ta Waya a Dutsin-Ma da Kurfi

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan fuskar manhaja, wato abin da mutum yake gani kuma yake dannawa a jikin waya ko kwamfuta. Wannan babi zai duba yadda ake gwada wannan fuska tun kafin a gina manhajar, tare da la'akari da halin da masu tura kuɗi ta waya suke ciki a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina.

3.1 Ma'anar Samfurin Gwaji

Samfurin gwaji kwaikwayon manhaja ne da ake haɗawa domin a damƙa wa mutane a ga yadda za su yi da shi. Ya yi kama da shatin da maginin gargajiya yake yi a ƙasa kafin a tona harsashi. Mai gida yakan shiga cikin shatin ya tsaya, ya ce a mayar da ƙofa gabas, kuma gyaran ba ya cin tubali ko ɗaya.

Mafi sauƙinsa shi ne zane a takarda, ko ma abin da bai kai haka ba. Alal misali, Jeff Hawkins na Amurka guntun katako ya sassaƙa ya riƙa yawo da shi a aljihu kafin na'urarsa ta Palm Pilot ta fito a 1996. Sai kuma hotunan da ake jerawa, a danna wannan ya kai ga wancan. Wanda wannan babi ya fi mayar da hankali a kansa shi ne samfur mai amsawa, wato wanda yake riƙe abin da aka shigar masa, ya yi lissafi, ya kuma sauya amsa gwargwadon sharaɗi: idan kuɗin asusu bai isa ba ya ƙi, idan lambar sirri ba daidai ba ce ya nemi a sake. Manhajar Figma, wadda ta fito fili a 2016, ta ƙara irin waɗannan sharuɗɗa a 2023. Axure RP da ProtoPie sun riga ta a wannan fage.

3.2 Dalilin Buƙatarsa a Wannan Yanki

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A farkon 2023 kuma sauyin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, ya tilasta wa mai awo da mahauci da dillalin dabbobi karɓar kuɗi ta waya, ko sun iya ko ba su iya ba. Darasin waɗannan shekaru ga mai tsara manhaja shi ne, mutumin yankin ya dogara ga waya a harkar kuɗinsa, alhali sabis ba abin dogaro ba ne.

Samfurin hotuna miƙaƙƙiyar hanya kawai yake nunawa: a danna, a tabbatar, kuɗi ya tafi. Amma asara ba a nan take aukuwa ba. A ɗauka mutum ya sayi rago ranar kasuwa, ya tura kuɗi, sai waya ta tsaya cik. An cire kuɗin daga asusunsa, shi kuwa mai rago bai ga alat ba. Idan ya sake turawa ya biya sau biyu. Idan ya ja igiya ya tafi an kira shi macuci. Abin da fuskar waya ta faɗa masa a cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi shi ne zai raba gardama. Don haka dole ne a gina jinkiri da yankewar sabis a cikin samfur da gangan, sannan a gwada saƙo iri biyu ko uku, kamar "Ana aiki" da "Kada a sake turawa, a duba ragowar kuɗi tukuna", a ga wanne ne yake tsayar da yatsa.

Har ila yau, da yawa daga cikin jama'a ƙaramar waya mai maɓallai suke riƙewa, suna aiki da lambobin USSD irin su *894# na First Bank ko *919# na UBA. Wannan hanya tana da wa'adi, kuma wanda yake karatu a hankali sai ta rufe bai gama ba. Tun daga watan Maris na 2021 aka ɗora mata cajin naira 6.98. Figma da 'yan'uwanta ba su dace da irin wannan waya sosai ba. A nan akan koma ga dabarar da John F. Kelley ya yi wa suna a farkon shekarun 1980, inda wani mutum yake ɓoye yana aiko da amsa kamar shi ne na'urar.

3.3 Matsalar Harshe

Saƙon USSD ba ya wuce harafi 182, kuma haruffa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) ba sa cikin jerin haruffan asali na GSM. Shigar da ɗaya kacal daga cikinsu yakan sa a koma wani tsarin da ba ya ɗaukar fiye da harafi 80. Idan kuwa aka yar da ƙugiyar, "an kare asusunka" yana iya zama albishir, yana iya zama mummunan labari. Wannan ba zaɓi ba ne da za a yanke a ofis, sai an ga fuskar mai karantawa.

Bugu da ƙari, Hausa tana bambanta "ka" da "ki", ita kuwa manhaja ba ta san wanda yake riƙe da waya ba, shi ya sa "a danna" ya fi dacewa. Akwai dattawan da har yanzu da jaka suke lissafi, wato naira 200, akwai kuma masu karanta ajami da boko yake ba su wahala. Sifili ɗaya ne tsakanin 5000 da 50000. Samfur mai amsawa yana iya mayar da adadin da aka shigar zuwa kalmomi, ya ce "naira dubu hamsin" kafin tabbatarwa, ko da yake hakan yana cinye gurbin haruffa.

3.4 Waɗanda Za a Gwada da Su

A shekarar 2000 Jakob Nielsen ya nuna cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin fuskar manhaja, da sharaɗin a gwada kowane rukunin jama'a daban. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su ne mafi sauƙin samu, amma ba su ne masu asarar ba. Ana buƙatar ɗan kasuwa da manomi da mai sana'ar POS, da matan aure masu sana'a a cikin gida, waɗanda sai mace 'yar'uwarsu ce za ta iya kai musu samfurin.

Alkunya ma tana da nata tasiri. Bahaushe ba zai kushe aikin baƙo a gaban idonsa ba, "ya yi kyau" zai ce. Saboda haka ba a dogara da amsar baki, sai a ba mutum aiki, a zuba ido a kan inda yatsarsa ta tsaya da lokacin da ya ɗago kai yana neman taimako. Ba a kuma yarda ya shigar da lambar sirrinsa ta gaskiya. Akan rubuta masa wata a takarda tare da asusun bogi, a karɓe takardar bayan an gama.