Aikin gayya a kwamfuta: yadda baƙo ke shiga sahun masu rubuta manhaja

Duk wanda ya taɓa haɗa gwiwa da abokai biyu ko uku a kan aikin kammala karatu ya san wannan ciwon kai. Fayil ɗaya ne, amma kafin mako ya zagayo ya hayayyafa: "aiki", "aiki sabo", "aiki na ƙarshe", "aiki na ƙarshe na gaskiya". Wannan ya turo ta WhatsApp, wancan ya kawo a filas, na ukun kuma ya kwana yana gyara a kan wanda tuni aka yi watsi da shi. Ranar miƙawa sai a rasa wanne ne mai rai. To, idan mutum uku sun rikice haka, ina ga dubban mutanen da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, wani a Indiya, wani a Jamus, wani a Kenya, suna taɓa manhaja ɗaya dare da rana?

Wannan matsala ce ta haifi Git. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya fara rubuta Linux a 1991, ya daɗe yana amfani da wata manhaja mai suna BitKeeper wajen tattara gyare-gyaren da ake turo masa. A 2005 aka sami saɓani, kamfanin da ya mallake ta ya janye damar amfani da ita kyauta. A watan Afrilun shekarar Torvalds ya zauna ya rubuta tasa, cikin 'yan kwanaki ta fara aiki, kuma a watan Yuli ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda har yau shi ke kula da ita.

Abin da Git ke yi bai fi ƙarfin fahimtar kowa ba. Littafin tarihi ne na aikinka. Duk lokacin da ka kai wata gaɓa, sai ka ce masa ya ɗauki hoton yadda fayilolin suke, ka rubuta ɗan bayani a kai. Wannan ajiya ita ake kira kwamit. Kowace kwamit tana ɗauke da sunan wanda ya yi ta, da lokacin da ya yi, da ainihin layukan da ya ƙara ko ya goge. Idan abu ya lalace ranar Alhamis, kana iya komawa ka ga yadda yake ranar Talata, ka kuma gano hannun da ya taɓa shi a tsakani. Gaba ɗayan aikin da tarihinsa suna zaune a wuri ɗaya, wanda zan kira rumbu. In kana son gwada wata dabara ba tare da ka ɓata wa jama'a aiki ba, sai ka tsiro da reshe, ka yi ta ƙoƙarinka a can. Ya yi kyau, a haɗe shi da uwar bishiya. Bai yi ba, a sare, babu wanda ya yi asara.

Akwai wani alheri a tsarin nan da ba a cika faɗa ba, wataƙila don masu rubuta littattafan koyarwa ba su san ɗauke wuta ba. Idan ka kwafo rumbu da umarnin git clone, ka kwafo shi ne da dukkan tarihinsa zuwa cikin kwamfutarka. Daga nan kana iya yin kwamit, ka buɗe reshe, ka duba tsohon aiki, duk ba tare da intanet ba. Sai lokacin turawa da git push ko jawo sabon abu da git pull kake buƙatar data, ita ma kaɗan ce, tunda bambancin kawai ake aikawa. Ga wanda ke lallaɓa data kamar ruwan alwala a lokacin fari, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sababbin shiga kan ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne. Git kayan aiki ne da ke cikin na'urarka. GitHub kuwa kamfani ne da aka buɗe a 2008, yana ba da wurin ajiye rumbuna a intanet tare da dandalin tattaunawa a kansu. Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 ya sanar da cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100. Yana da kishiyoyi, irin su GitLab da Bitbucket, sai dai yawancin buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke iya karanta rubutunsu ya gyara, a GitHub za ka same su.

Umarnin da kake buƙata a makon farko ba su kai goma ba, kuma ko yaro zai haddace su. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ladabin shiga. A ƙauye idan aka kira gayya, baƙo ba ya zuwa ya kama kunya daga inda ya ga dama. Yakan tsaya ya ga inda aka faro, ya ji inda mai gona yake so a nufa, sannan ya sunkuya. Haka abin yake a rumbun mutane. Akwai fayil mai suna README da ke bayyana mene ne aikin da yadda ake kunna shi. Akwai wani mai suna CONTRIBUTING, in an tanade shi, da ke faɗin yadda ake son gudummawa ta zo. Akwai LICENSE, wato sharaɗin amfani da aikin, kamar na MIT ko GPL. Karanta su ukun kafin ka taɓa ko da waƙafi. A ganina rabin ƙorafin da sababbi ke yi, wai an yi banza da su, daga tsallake wannan karatu yake tasowa.

Bayan nan sai sashen ƙorafe-ƙorafe, inda ake rubuta kurakuran da aka gano da abubuwan da ake son ƙarawa. Ayyuka da yawa kan manna wa masu sauƙin alamar "good first issue", ma'ana an keɓe su ga wanda ya zo yau. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta cewa kana son gwadawa, don kada ku yi aiki biyu da wani. Sai ka kwafi rumbun zuwa asusunka, ka buɗe reshe, ka yi gyaran, sannan ka aika takardar neman haɗewa, wadda 'yan harkar ke taƙaitawa da haruffa biyu, PR. Ita ce sallamar da kake yi a ƙofar masu gida: ga abin da na gyara, ga dalili, ga yadda na gwada, ku duba.

Za su duba, kuma da wuya su karɓa a karon farko. Wani zai ce ka sauya sunan wannan, wani ya ce ka ƙara gwaji, wata na'ura ma za ta bi aikin da kanta ta sa masa jan alama in ya karya wani abu. Kada ranka ya ɓaci. Yaron tela ma sai an sa ya warware ɗinki sau nawa kafin a bar masa wuyan riga. Maganar da ke zuwa a taƙaice, babu gaisuwa babu "ina gajiya", ba raini ba ne. Al'adar wurin ce, kuma mai amsa maka sau da yawa ɗan sa-kai ne da ya zauna bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da shi. Abin da zai sa ya ji daɗinka shi ne gyara ƙarami mai manufa ɗaya. Wanda ya taɓa fayil arba'in a tashi ɗaya, ya rubuta "gyara" kawai a matsayin bayani, ya ɗora wa wani nauyin da shi ya kamata ya ɗauka.

An ga illar rashin wannan ladabi a watan Oktoban 2020. Akwai wani shiri na shekara-shekara, Hacktoberfest, da kamfanin DigitalOcean ke ɗaukar nauyi, inda a lokacin duk wanda ya aika PR huɗu yake samun riga kyauta. A shekarar sai aka yi wa rumbuna ambaliya da gyare-gyaren wofi, wani ya ƙara kalma ɗaya a README, wani ya sauya alamar rubutu, duk don riga. Masu kula da ayyuka suka yi ta kuka, har sai da aka sauya doka, ya zama sai rumbun da ya nuna yana so ake lissafawa.

Ta ɓangaren hira kuma, kowace al'umma da zaurenta. Tsofaffin hannu har yanzu wasu na IRC, wanda aka ƙirƙira tun 1988, matasa sun fi zama a Discord da Slack, wasu kuma Matrix. Ko wanne ne, ka'idar tambaya ɗaya ce. Matambayi ba ya ɓata, amma fa in ya iya tambayar. "Ba ya aiki, ku taimaka" ba ta kai kowa ko'ina. Faɗi abin da ka yi, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru, ka kwafo saƙon kuskuren a rubuce maimakon ka ɗauki hoton fuskar kwamfuta da waya. Ka yi tambayar a bainar jama'a, kada ka bi shugaban aikin ta saƙon sirri. Sannan duk shawarar da aka yanke a hira, a mayar da ita rubuce a rumbu, domin hira takan nutse cikin kwana biyu.

Me ya sa masu gida ke jan ƙafa kafin su ba sabon mutum mabuɗi? Labarin xz ya isa amsa. Wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayiloli da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, ke ɗauke da nauyinta. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana turo gyara mai kyau har aka amince da shi, aka ba shi iko. Daga nan ya dasa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar kutsawa na'urorin mutane. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, asiri ya tonu kafin abin ya bazu. Don haka in an yi maka tambayoyi da yawa, ba kai ake zargi ba.

Kai ma akwai tsaron da ke wuyanka. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki daga Git, sai mabuɗin SSH ko wata lambar izini ta musamman, kuma yana da kyau ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun ranar farko. Babban kuskuren sababbi shi ne sa kalmar sirri ko mabuɗin wani asusu a cikin fayil su tura. Goge shi a kwamit ta gaba ba ya magani, tunda aikin Git ke nan, ba ya mantuwa. Mabuɗin da ya fita, a soke shi nan take a yi sabo.

Ba lallai sai ka ƙware a rubuta manhaja za ka sami gurbi ba. Ana buƙatar masu gyara bayanan jagora, masu gwadawa su kawo rahoton kuskure, da masu fassara. A nan Bahaushe yana da abin da ɗan Jamus ba shi da shi. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyi da jimloli na Hausa, kuma ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP, masu aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka, suna ajiye ayyukansu a buɗe a GitHub. Wanda ya iya bambance ƙ da k, ya san inda ɗ ta dace, zai iya tarar da kuskuren da injiniyoyi goma suka wuce ba su gani ba.

Kafin ka kai ga rumbun kowa, buɗe naka. Ka saka fayil ɗaya, ko da jerin littattafan da ka karanta ne, ka gayyato aboki ɗaya, ku gyara layi ɗaya a lokaci guda da gangan. Git zai tsaya ya ce an yi karo, ya nuna maka naka da nasa a jere, ya bar muku zaɓin wanda za a riƙe. Ku warware shi, ku sake haddasa wani, har sai saƙon ya daina tsinka muku zuciya.